Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sani

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya kewar gida? Mu nan Jos sanyi ya sauko sosai, lakcar ƙarfe takwas sai mai ƙarfin hali.

Ka tambaye ni labarin ɗalibanmu na ilimin halayyar ɗan Adam. To, hadda dai akwai ta, fahimtar ce babu. A jarrabawar da ta wuce na ce su jero matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro da masanin halayyar ɗan Adam ɗin nan Piaget ya kawo. Kusan kowa ya zubo su tiryan-tiryan, har da shekaru. Sai na ba su ɗan sakin layi: yarinya 'yar shekara biyar, a gabanta aka juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, ta ce ruwan ya ƙaru. Wane mataki take, kuma don me? Wallahi Malam, wata cewa ta yi a kai yarinyar asibitin ido. Wani kuwa ya sake kwafo min matakan huɗu, wai ni in zaɓa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne, maimakon a jawo su sama, sai ake ta sauka ana tarar da su. Littafi ya koma handawut, handawut ya koma 'yan shafuka a WhatsApp, tambayar sharhi ta koma canki-canka saboda aji ya cika maƙil. In faɗuwa ta yi yawa, wurin tantance sakamako sai ka ji, "Haba Malam, a duba musu mana," a yayyafa maki kowa ya haye.

Ba laifin yaran ba ne su kaɗai. Ka tuna a 2017 aka mayar da mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 120 cikin 400. Ga yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, aka dawo ana karatun gudu. Amma fa wanda ya kasa bin sakin layi guda, gobe shi za a zaunar gaban mai ciwon damuwa, ya saurare shi, ya rubuta rahoto.

Zangon nan na fara sa su karanta shafi ɗaya a aji, su rufe, kowa ya faɗa min abin da ya gane da harshen da ya fi masa sauƙi. Gunaguni kam ba a magana, har ƙarata an kai wurin shugaban sashe.

Don Allah ka rubuto min yadda ake jarraba 'yan aji ɗaya a can Malesiya, in da hali ka haɗo da tsohuwar takardar tambayoyi. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bala