Rahoton Ayyukan Shekara Daga Kwamitin Gudanarwa Zuwa Ga Membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi,

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyi guda ɗaya: a daina yanke hukunci kan manhajojin da muke tsarawa daga cikin ofis, a kai su wurin mutanen da za su yi amfani da su. Yawancin ƙarfinmu na bana a nan ya tafi, don haka a nan rahoton zai fi tsayawa.

Gwaji a kasuwanni

Membobi sun rarrabu zuwa Kantin Kwari da Sabon Gari da kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Tsarin bai da wahala. Za a zauna gefen ɗan kasuwa, a roƙe shi ya duba kuɗin asusunsa ko ya sayi kati ko ya nuna yadda yake tura kuɗi, da wayarsa, kuma ba a sa masa baki. Gani ya kori ji. Da yawa daga cikin dattawan da muka zauna da su sun ce sai lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 suka fara tura kuɗi ta waya, bisa tilas, kuma har yanzu da lambar USSD suke yi a ƙaramar waya mai madannai.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne lokaci. Mutum yana cikin karanta jerin zaɓi da Turanci, mai ciniki ya yi masa magana, kafin ya dawo layin ya yanke, sai ya faro daga farko. Tun Maris 2021 aka sa cajin naira 6.98 kan mu'amalar banki ta USSD, saboda haka duk yankewar layi tana zuwa da fargabar an cire masa kuɗi a banza. Shafin USSD ɗaya bai wuce haruffa 182 ba, amma mun ga bankin da ya ɓata layin farko wajen tallata bashi, ya tura "aika kuɗi" zuwa shafi na biyu. Kwamiti na ganin wannan rashin mutunta mai asusu ne.

Sai batun sifili. A rana tsaka, a kan allo mai tsagewa, 50000 da 500000 kusan ɗaya suke a ido. A samfurin da muka gwada mun raba adadin da waƙafi, mun sa sunan wanda za a tura wa ya fito shi kaɗai a layinsa kafin a nemi lambar sirri. Mun lura masu gwajin suna tsayawa su karanta sunan a fili kafin su danna, abin da ba sa yi a tsohon tsari.

Matanmu membobi ne suka shiga gidaje wurin masu sana'ar ƙuli-ƙuli da ɗinki da sayar da atamfa, kuma abin da suka dawo da shi ya fi komai girgiza tunaninmu. Kusan duk manhajar kuɗi an gina ta ne a kan cewa mutum ɗaya ne, da waya ɗaya, da lambar sirri ɗaya. A gidajen nan wayar tana yawo tsakanin uwa da 'ya da ƙanin miji. Tun da aka umarci a haɗa layi da lambar NIN a Disamba 2020, wasu layukan da sunan maigida aka yi rajistarsu, kuma lambar tabbatarwa takan shiga wayar da ke aljihunsa a kasuwa. Wata yarinya ce ke karanta wa mahaifiyarta saƙon shigowar kuɗi, ciniki kuwa gaba ɗaya da saƙon murya na WhatsApp ake yin sa. Ba za mu ce wa waɗannan mata su sauya zamansu don manhaja ba. Mun fara zana hanyar da mataimaki zai iya ganin shigowar kuɗi ba tare da ikon fitarwa ba, kuma a takarda kawai take tukuna.

A duk ziyarar an nemi izini da Hausa kafin a fara, ba a rubuta lambar asusun kowa ba, bisa dokar kare bayanai ta 2023.

Harshe da masu buƙata ta musamman

Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka gina saƙon tes a kansu. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon da ke ɗaukar haruffa 160 sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Wannan ne ya raba kan membobi: wasu sun ce a bar lanƙwasa a saƙon tes don rage tsada, wasu sun ce hakan lalata rubutu ne. An tsaya a kan a riƙe su cikin manhaja da shafin intanet, batun tes kuma a kawo shi gabanku. Mun kuma ci gaba da ba da muryoyi ga rumbun Hausa na Common Voice, shirin tara muryoyin jama'a don koya wa na'ura gane magana, sai dai muryoyin mata da na dattawa sun yi ƙaranci cikin abin da muka tara.

Zamanmu da 'yan uwa makafi masu amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allon waya da murya, ya nuna maɓallai da dama marasa suna, har da na tabbatar da biya. Gyaran layi ɗaya ne ga mai rubuta manhaja. Dokar hana wariya ga masu nakasa an sa mata hannu tun Janairu 2019, ƙa'idojin WCAG 2.2 na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet kuma sun fito a 2023, don haka babu uzuri. Daga yanzu ƙungiya ba za ta sa sunanta a kan manhajar da makaho bai gwada ba.

Horo da kuɗi

An gudanar da horo ga sababbin membobi kan ma'aunin ISO 9241-210 na tsara manhaja bisa buƙatun masu amfani da ita, da kuma zanen samfuri a takarda. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a taro. A taƙaice, kuɗin mota da ɗan abin da muke ba masu gwaji don lokacinsu su ne suka fi cin asusu, kuma akwai waɗanda ba su biya kuɗin wata ba.

Shawarar kwamiti ita ce a janye taron otal na baɗi, a mayar da kuɗinsa ga gwaji, a ƙara da samfurin Ajami, domin dattawa da yawa a Dawanau da shi suke rubuta bashin abokan cinikinsu. Muna neman membobi uku masu iya rubutun Ajami da mata biyu don ziyarar gidaje. Mai sha'awa ya ba da sunansa kafin ranar taro, inda za a kaɗa ƙuri'a kan shawarar.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa