Sun zubar min da magani, yau kwana huɗu ban rintsa ba

Assalamu alaikum Anti, barkanki da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki sakaya sunana. Ƙarfe uku na dare nake rubuto miki, hannuna sai karkarwa yake.

Ranar Asabar maigidana ya juye maganina a masai. Amma ƙanwarsa ce ta haɗa komai. Ta buɗe jakata wai tana neman cajar waya, ta ga katin magani, ba ta tambaye ni ba sai ta ɗauki hotonsa ta tura wa Hajiyarsu. Kafin la'asar duk dangi sun ji matar Yaya 'yar ƙwaya ce. Yarinyar nan tun da aka kawo ni gidan take neman abin da za ta kama ni da shi, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai Hajiya ta ji.

Bari in koma baya. A 2022 masu garkuwa da mutane suka shiga gidan maƙwabcinmu da dare suka tafi da shi, ina jin ihun matarsa ta katanga, ga goyo a bayana. Tun daga ranar ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke, zuciyata ta dinga dukan uku-uku, numfashi ya gagare ni. Aka auna jini, aka yi gwajin zuciya, komai lafiya. Likita ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta min Lexotan mai 3mg, ya ce na 'yan makonni ne kawai. Gaskiya da ya ƙare ban koma ba, a kemis na ci gaba da saye. Wa zai bar yara uku ya je ya wuni a layi? Wani lokaci nakan sha biyu, amma sai ranar da abin ya yi tsanani.

Ni da kaina na koma asibiti bana, ba wanda ya tura ni. Likitar ta yi min faɗa sosai, ta ce jikina ya riga ya saba da shi. Ta maida ni kan diazepam don ya fi daɗewa a jiki, ana rage min kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu. Ta ja min kunne cewa yanke shi lokaci ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Har na sauko rabi, Anti. Rabi! Matsalar, diazepam ɗin nan shi ne samarin unguwa ke kira D5, da maigidana ya ga sunan bai ƙara sauraren komai ba. Na ce ya duba takardar asibiti, ya ce likitan da ke ɗora mutane kan ƙwaya ba likita ba ne.

Yanzu gumi ke jiƙa min riga cikin sanyin asuba. Jiya na zo zuba wa autana shayi, kofin na ta kaɗawa har ya zube masa a ƙafa, Allah ya sa ya huce. Hasken waya ma ciwo yake min a ido, ƙarar injin markaɗe kamar a cikin kaina. Hajiya ta ce aljanu ne, ta aiko da hayaƙi da habbatussauda, ƙanwar kuma ta ce a kai ni asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, tana faɗa tana murmushi. Ban ƙi addu'a ba, wallahi ina yi.

Ranar komawata wurin likita sai nan da kwana tara, kuma maigidana ya ce ba inda zan fita. Mai kemis zai ba ni in na aiki yaro, amma in aka sake kama ni shi ke nan na tabbatar musu da zancensu. Ban gaya wa mahaifina ba, yana da hawan jini. Shekara goma sha ɗaya muna tare da mutumin nan, ya yarda da hoto a waya ya ƙi yarda da ni. In tafi gidanmu ne Anti, ko in zauna? In na tafi, yaran a hannun wa zan bar su?

Taki,
Uwar yara uku, daga Kano