Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Uba Sani: a riƙa taɓa jijiyar masu hawan jini

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Akwai wata rikicewar bugun zuciya da ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Ɗakunan saman zuciya kan daina matsewa, sai karkarwa kawai. Jini ya kwanta a lungun ɗakin hagu ya yi guda, gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Da yawa ba sa jin komai sai ranar da baki ya karkace.

Gano ta ba ya cin kuɗi. Ma'aikaci ya ɗora yatsu a wuyan hannun majiyyaci na minti ɗaya. In bugun na zuwa ba tsari, a tura shi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya. Muna roƙon a wajabta wannan a ƙananan asibitocin mazaɓu 255 na jihar nan, duk lokacin da aka auna hawan jini.

In an tabbatar da rikicewar, sai lissafin makin haɗarin shanyewar jiki. Hawan jini, ciwon suga, gazawar zuciya, ciwon jijiyoyin jini, shekaru 65 zuwa 74, da kasancewa mace, kowanne maki 1. Shekaru 75 zuwa sama maki 2. Wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, ko da ya sake nan take, maki 2. Namiji mai maki 2 ko mace mai 3 na buƙatar maganin tsinka jini, kuma asfirin ba ya wadatarwa, duk da yawan ba da shi da ake yi.

Amma wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya tsuke masa ƙofar zuciya, in yana da wannan rikicewar ba a jiran maki. Maganin tsinka jini na warfarin zai sha, ko da matashi ne.

A nan gizo ke saƙar. Warfarin na rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku, amma sai gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, jini ya yi guda. In ya haura, zubar jini. Yawaita cin zogale ko alayyahu kwatsam na rage ƙarfinsa, Flagyl da Septrin na ƙara shi, diclofenac na kemis kuwa na iya jawo zubar jini a ciki. Mutumin Birnin Gwari ko Kafanchan ba zai iya zirga-zirga zuwa asibitin Barau Dikko ko na Shika kowane wata ba. A kai na'urar INR da ta ECG kowane babban asibiti a ƙananan hukumomi 23, kuma inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta ɗauki kuɗin gwajin.

Allah ya yi maka jagora.

Wasu ma'aikatan lafiya, Kaduna