Takardar Koke Kan Rigunan Sanyinmu Da Aka Riƙe A Bakin Ruwa

Zuwa ga Mai Martaba Sarki, ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne masu sayar da rigunan sanyi na mata a Kantin Kwari. Mun so mu ƙyale Sarki ya huta, amma abin da ya faru makon jiya ya fi ƙarfin haƙurinmu.

Ranka ya daɗe, kwantena guda ce, mu da dama muka haɗa kuɗi a cikinta, har da zawarawan da suka zuba adashinsu. Suwaita ce sabuwa fil daga Guangzhou ta ƙasar Sin, kowace a ledarta da takardar kamfani a wuya. Don a rage kuɗin jirgi, can aka matse su dila-dila. Da aka buɗe a bakin ruwa, jami'in kwastan mai duba kayan ya ga dila kawai ya ce gwanjo ne. Gwanjo lambarsa 6309 a jadawalin kuɗin fito na kwastan, kuma doka ta hana shigo da shi. Ejan ɗinmu ya yanka dila ɗaya a gabansa, ya zaro riga mai ruwan hoda, ƙamshin sabunta bai ma fita ba. Aka ce masa sai umarni ya zo daga sama. Kullum garin Allah ya waye kuɗin ajiya ƙaruwa yake.

Allah ya taimaki Sarki, ba jahilcin lambobin nan gare mu ba, wahala ta koya mana su. Tufafin saƙa babi na 61 suke, waɗanda ba saƙa ba babi na 62. Suwaita 6110, bulawus 6106, doguwar riga da siket 6104, babbar rigar ɗorawa 6102. To doguwar suwaita mai maɓallai da take sauka gwiwa, wadda matan aure ke ɗorawa kan atamfa, ina gidanta? Bara an karɓe ta a 6110, bana wani ya ce kwat ce, wani ya ce doguwar riga ce. Abin takaicin, a jadawalin bai ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, duk kashi 20 cikin ɗari ne. Amma da zarar an sauya lamba, sai a ce abin da ke fom M, takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya, ya saɓa, a sake yi wa kaya ƙima, tara ta biyo baya.

Mun rubuta, mun tura wakilai, an zauna, an sha shayi, an ce za a duba. Mun manta ko sau nawa.

Ranka ya daɗe, suwaita ba atamfa ba ce. Kasuwarta hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan zafi ya shigo, ko rabin kuɗi babu mai taya ta, sai ta kwana shekara a sito tana shan ƙura, masu bashi kuma suna sallama a ƙofar gida.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a sako mana kwantenar nan, a yafe kuɗin ajiyar da ba mu muka jawo ba. A ba mu lamba ɗaya a rubuce ga kowace riga. Ai hukumar kwastan ta ƙaddamar da tsarin yanke hukunci kan lambar kaya kafin su iso tun 2024, a turo mai yi mana bayaninsa da Hausa a kasuwa. Kuma tunda an buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, a riƙa buɗe kayanmu a Zawaciki, inda tashar take, a gaban idonmu. Ba mu ƙi biyan kuɗin fito ba, mu dai a sako kayan nan kafin sanyi ya wuce.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Masu sayar da rigunan sanyi na mata, Kantin Kwari, Kano.