Yaranmu sun ɗauka nazarin ƙwallo ya wanke caca

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan bani fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cin raina.

Ni gidan kallon ƙwallo gareni a unguwarmu, shekara tara kenan, kuma wallahi a ɗan tsakanin nan hirar yara ta canja gaba ɗaya. Da musu ake yi waye ya fi tsakanin Messi da Ronaldo, yanzu kuwa tun kafin a take leda kowa ya sunkuya kan waya yana duba wai kulob kaza ta ci huɗu cikin biyar na baya, wane yana jinya, wancan golan sau nawa aka zura masa a waje, har da wani abu xG wato auna kowace dama da aka samu a ga yiwuwar ta shiga raga. Duk wannan ba don kallo bane, don a haɗa tikitin caca ne. Abin da ya fi bani tsoro sun yarda tunda sun yi nazari toh ba caca suke ba. Ɗan maƙocina da bakinsa yace min, Baba ai ɗan caca shine wanda ya rufe ido ya zaɓa, ni bincike nake.

Ban ce lissafin ƙarya bane. A Ingila mai Brighton, Tony Bloom, da mai Brentford, Matthew Benham, dukansu ta hanyar lissafin caca suka tara dukiya sannan suka juya shi wajen zaƙulo 'yan wasa masu araha. Brighton ta ɗauko Caicedo daga Ekwado da ɗan kuɗi kaɗan a 2021, ta sayar wa Chelsea a 2023 kan fam miliyan 115. Amma fa waɗannan mutane kamfani sukutum garesu, da ƙwararrun masana lissafi da kwamfutoci ana aiki dare da rana. Kuma irin wannan ƙarfin ne kamfanin cacar yake da shi lokacin da yake yanka maka farashi, duk abin da yaro ya gani a wayarsa da datar naira ɗari biyu su sun riga sun gani sun saka a lissafi tun kafin ya tashi daga barci.

Sannan sun cire rabonsu tun daga tushe. Misali abu ne rabi da rabi kamar a wurga kwabo sama, adalci shine a ninka maka sau 2, su kuma sai su baka 1.90. Kai ka saka dubu a nan, abokinka ya saka dubu a can, sun karɓi 2,000 sun biya 1,900, ko waye ya ci ɗari tana aljihunsu. Toh balle yaranmu da basa tsayawa wasa ɗaya sai sun jera goma a tikiti ɗaya, wanda sai duka sun faɗa daidai ake biya. Ko da ace kowane wasa yana da yiwuwar kashi 80 cikin ɗari, wanda ai shine suke kira tabbas, idan ka jera goma abin da ya rage bai wuce kashi 11 ba. Shi yasa kullum kukan ɗaya ne, wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti, wasa ɗaya ne kawai.

Bazan manta 22 ga Nuwamba 2022 ba, Ajantina da Saudiyya a gasar kofin duniya ta Katar, ƙarfe sha ɗaya na safe agogonmu. Ajantina ta shigo da wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya ci fenariti tun da wuri, yara har sun fara lissafin abin da zasu saya. Ana dawowa hutun rabin lokaci cikin kamar minti biyar Saudiyya ta zura biyu, aka tashi 2 da 1. Ɗan maƙocin nan nawa kuɗin makarantar ƙanwarsa aka bashi ya kai, ya zuba rabi a kan Ajantina. Kowa ya watse shi yana zaune kan benci ya haɗa kai da gwiwa, ni ina sharar tikitin da aka yayyaga a ƙasa, ya ɗago yace Baba dan Allah kar ka faɗa wa Mama. Har yau idan na tuna sai jikina yayi sanyi.

Hukuncin addini kowa ya sani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya. Hisbah a Kano ta rufe shaguna, Allah ya saka musu, amma shagon yanzu yana cikin waya, ga kuma masu sayar da wai wasan tabbas a Telegram da WhatsApp suna ƙara kwashe ɗan abin da ya rage, wanda in da gaske suna da shi me zai sa su nemi dubu biyun talaka?

Roƙona Malam Edita, shafinku na wasanni ya riƙa ware gurbi ana warware wannan lissafin da Hausa dalla-dalla, yadda kamfani yake cire nasa da yadda jera wasanni yake cinye mutum. Kuma kulob-kulob namu na gida su waiwayi yaran nan, shi wannan yaron littafi guda gareshi ya cika da alƙaluman Firimiya da hannunsa, layi-layi tsaf, a zaunar da shi a filin Sani Abacha ya rubuta wa 'yan wasanmu irinsa a biya shi mana.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai gidan kallon ƙwallo, daga Kano