Rashin aikin yi, kashi 33 ko kashi 4: a binciki ma'aunin kafin a ci gaba da musu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ku ba ni fili in yi magana a kan wasu lambobi biyu da 'yan siyasar Kano suka mayar abin jifan juna, a shirye-shiryen siyasa na dare a rediyo da kuma Facebook. Ɗan adawa zai ce kashi 33 cikin 100 na 'yan Najeriya zaman kashe wando suke yi. Mai kare gwamnati ya karɓe ya ce ƙarya ne, rashin aiki ya sauko zuwa kashi 4 da ɗoriya, ga takardar hukuma a hannunsa. Sai a kaure da hayaniya har lokacin shiri ya ƙare, gobe sojojin baka su ɗora daga inda aka tsaya. Dukkansu biyun daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, suka ɗauko lambar, kuma kowanne ya sa ta faɗin abin da ba ta faɗa ba.

Kashi 33.3 na watanni ukun ƙarshe na 2020 ne, an fitar da shi a Maris 2021. Ba kashi ɗaya bisa uku na 'yan ƙasa ake nufi ba. Mutum miliyan 23.2 ne daga cikin miliyan 69.7 da ke aiki ko neman aiki. Yara, ɗalibai, tsofaffi da duk wanda ba ya neman aiki ba sa cikin lissafin tun farko. A wancan tsarin ana duba masu shekara 15 zuwa 64, a kasa su uku gwargwadon awoyin da suka yi aiki a mako. Wanda ya yi awa 40 ko fiye, yana da cikakken aiki. Mai awa 20 zuwa 39, aikinsa bai cika ba, kuma irinsu ne kashi 22.8 a rahoton. Wanda ya yi ƙasa da awa 20 kuwa, ko da ya samu kuɗi, sai a haɗa shi da wanda bai yi komai ba, a ce duk marasa aiki ne. A tuna kuma 2020 shekarar korona ce, shekarar da aka kulle Kano aka rufe kasuwanninta. Daga nan hukumar ta yi shiru fiye da shekara biyu, shi ya sa duk yaƙin neman zaɓen 2023 da wannan tsohuwar lamba aka yi shi.

A Agusta 2023 NBS ta dawo da sabon tsari, wanda ta ce ya dace da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. Yanzu duk mai shekara 15 zuwa sama yana ciki, babu iyaka ta sama. Duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, don lada ko riba, mai aiki ne. Kafin a kira mutum marar aiki sai ya cika sharuɗɗa uku a lokaci guda: bai yi aikin ko awa ɗaya ba, yana neman aikin da gaske, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu. Da wannan ma'aunin aka samu kashi 5.3 a ƙarshen 2022, kashi 4.1 a farkon 2023, kashi 5.3 a farkon 2024, sai kashi 4.3 a watanni ukun da suka biyo baya.

A lura da kwanakin. Lambar ta faɗo daga 33.3 zuwa 4.1 ne a kan bayanan da aka tattara kafin 29 ga Mayu 2023, wato tun Muhammadu Buhari yana kan mulki. Saboda haka magoya bayan Shugaba Tinubu ba su da hurumin cewa su suka sauko da ita, haka su ma na Buhari, domin ba ayyuka ne suka ƙaru ba. An auna hatsi da tiya ne a 2020, aka dawo aka auna da gwangwanin madara a 2023, sannan ake musu a kan ko buhun ya ƙaru.

Ga misali na lissafi, ba na wata unguwa ta gaske ba. A ɗauka mutum 100 ne da suka isa aiki. 25 ɗalibai ne da waɗanda ba sa neman aiki, sai a fitar da su, saura 75. A cikin 75 ɗin, 30 suna yin awa 40 zuwa sama, 20 suna yin awa 20 zuwa 39, 21 suna ɗan taɓa abin da bai kai awa 20 ba, 4 kuma ba su yi komai ba suna ta nema. A tsohon tsari za a haɗa 21 da 4, a samu 25 cikin 75, kashi 33.3 ke nan. A sabon tsari 4 ne kawai cikin 75, kashi 5.3. Mutanen su ne dai, tukunyar gidajensu ba ta canja ba. Ba awoyi kaɗai aka sauya ba, an taɓa shekaru, da tambayoyin, da yadda ake zagayawa gidaje duk tsawon shekara don a kama damina da rani, amma wannan misalin ya isa ya nuna yadda sauya sharaɗi ɗaya ke kifar da lamba.

Idan aka sauko da maganar cikin gari sai ta fi fitowa fili. Saurayin da ke tsaye a bakin layi a Kantin Kwari, yana tare baƙi 'yan sari yana kai su shagon wani, a ba shi ɗan abin da ya samu idan an yi ciniki, a sabon lissafi mai aiki ne, ko da sau ɗaya ya dace a mako. Mai digirin da ke karɓar adaidaita sahu daga hannun direba bayan la'asar, ya yi ta zagaye har dare, ya cire kuɗin mai, ya cire abin da zai ba mai mashin, ya koma gida da canji, mai aiki ne. Matar aure da ke soya awara a gida tana ba yara su kai ƙofar makaranta, ita ma haka. Wanda ya gaji da yawon kai takardu, ya haƙura ya koma majalisar unguwa ya zauna, shi kuma ba ya cikin marasa aiki sam, domin ya daina nema, an fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya. Wato idan matasa suka fid da rai, lambar rashin aiki tana iya sauka, mai mulki ya yi ta murna.

Dalilin da lambar ke fitowa ƙarama a ƙasa irin tamu ba ɓoyayye ba ne. Babu wani alawus da ake biyan wanda ya rasa aiki. Talaka ba shi da halin zama mako guda bai nemo ko na koko ba, dole ya yi dako, ko talla, ko garuwa. Mai iya zama ya jira aikin da ya dace da takardarsa shi ne wanda akwai mai ciyar da shi. Shi ya sa rahotannin NBS na sabon tsarin ke nuna rashin aiki ya fi yawa a birni fiye da ƙauye, ya fi yawa ga masu ilimi mai zurfi fiye da waɗanda ba su je boko ba. A ƙiyasin ILO, rashin aiki a Jamhuriyar Nijar bai kai kashi 1 ba, alhali na Afirka ta Kudu ya haura kashi 30. Duk wanda ya san Maraɗi ba zai ce mutanen can sun fi na Johanasbag samun albashi ba.

Ni ban ɗauki sabon tsarin a matsayin maguɗi ba, kamar yadda wasu ke faɗa. Da shi ƙasashe ke kwatanta kansu da juna. Amma masu sukar sa, ciki har da tsohon shugaban hukumar, Dakta Yemi Kale, suna da hujja: awa ɗaya a mako ba ta ciyar da kowa, kuma gwamnatin da ta ɗauki kashi 4 a matsayin hoton ƙasa za ta yi tsari a kan abin da babu. Abin haushin shi ne amsar tana cikin rahoton da ake ɗagawa a rediyo, ba a buɗe shafukan ciki ne kawai. Sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, ba takardar ɗauka, ba fansho. Masu karɓar albashi a hannun wani ba su kai kashi 20 ba, sauran kowa tasa ta fisshe shi. A farkon 2023 kashi 12.2 ne suka ce aikinsu bai kai awa 40 ba kuma suna son ƙari. Waɗannan su ne lambobin da ya kamata a titsiye ɗan takara a kansu.

Irin wannan rikici ya sake faruwa da hauhawar farashi. A Disamba 2024 kashi 34.80 ne, a Janairu 2025 ya zama 24.48, saboda an sauya shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, an kuma sake jerin kayan da ake bibiya. Ba a kasuwar Singa aka yi wannan saukin ba, a takarda aka yi shi. Kuma ko da lambar ta ragu da gaske, ma'anarta farashi na ci gaba da hawa ne a hankali, ba wai ya dawo baya ba.

Sai maganar "mun samar wa matasa dubu kaza aikin yi", wadda babu jam'iyyar da ba ta yin ta. A nan ma akwai abin tambaya. Shirin gwamnatin tarayya na zamanin Buhari na ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 ne a wata har wata uku. Kano mai ƙananan hukumomi 44 rabonta 44,000 ke nan, kuma bayan wata ukun kowa ya koma inda ya fito. A shirin N-Power da aka fara a 2016 naira 30,000 aka riƙa biya a wata, shi ma na wa'adi. Waɗannan tallafi ne, suna da amfaninsu, amma ba a lissafa su da aiki mai ɗorewa. Haka rabon keken ɗinki, injin markaɗe ko jarin dubu hamsin. Abin da ake ƙirgawa ranar bikin shi ne yawan kayan da aka saya. Ba wanda ke komawa bayan wata shida ya duba keke nawa ke ɗinki, nawa aka sayar a ƙofar wurin taron da rabin kuɗi, nawa ke jingine saboda mai shi ba ta iya ɗinkin ba ko ba ta da kuɗin zare da haya. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wanda Kano ta ɗaga zuwa 71,000, bai shafi mafi yawan mutane ba, tunda doka ba ta tilasta shi a kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle mai tura baro a Dawanau.

Ina kuma jan hankali a kan masu cewa matasan Kano miliyan kaza ne ba su da aiki. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi, inda Kano ta tashi da mutum miliyan 9.4, ta 2023 kuma an ɗage ta. Duk adadin da ake faɗa yau ƙiyasi ne. Binciken NBS ma gidaje ƙalilan ake zaɓa su wakilci sauran, to idan aka tsaga shi zuwa jiha ɗaya sai ya yi sirara, ba a ma maganar Dala ko Fagge ita kaɗai.

Haka batun daba, ƙwacen waya da shaye-shaye, wanda kowane ɓangare ke ɗora wa ɗaya. Yawan waɗanda 'yan sanda suka yi holinsu ba shi ne yawan laifin da aka aikata ba. Kame na iya ƙaruwa don an tsananta sintiri, yana iya raguwa don mutane sun daina kai ƙara. Kuma 'yan siyasar da ke kuka da daba a rediyo sun fi kowa sanin inda ake samo yaran da ke rakiyar ayarin kamfe.

Roƙona gare ku, Malam Edita, da abokan aikinku na rediyo, kada a bar kowa ya jefa lamba ya wuce. A tsayar da shi a tambaye shi ta wace shekara ce, wa ya fitar da ita, da wane ma'auni, kashi nawa cikin su wa. Idan jaridarku za ta buga 33.3 kusa da 4.3, ta rubuta a ƙarƙashi cewa ba a kwatanta su. Idan ɗan takarar gwamna ko na majalisa ya zo hira, a nemi ya kawo abin da za a iya binciko shi: mutum nawa ke biyan harajin albashi a hukumar tattara haraji ta jiha bana da kuma shekara huɗu baya, masana'antu nawa ke aiki a Sharaɗa, Bompai da Chalawa, sau nawa suke canjin ma'aikata a rana, awa nawa suke samun wuta, malamai da ma'aikatan lafiya nawa aka ɗauka kuma nawa ne sunansu ya shiga takardar albashi. Idan ya ce zai samar da ayyuka dubu ɗari, ya faɗi na wata nawa ne, nawa za a biya, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Mata, Kano.