Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban NCC: a nuna mana mudun da ake auna mana kati da data

Zuwa ga Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC,
Maitama, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Da gangan na rubuto da Hausa, don na san ba ka buƙatar tafinta, kuma rabin kukan da ya kawo ni ma a kan harshe yake.

Ɗan shago gare ni a gefen kasuwar Farin Gada a nan Jos. Ina cajin waya, ina sayar da kati da data, ga kuma POS. Tun da asuba, lokacin da sanyin garin nan ke hana mutum lanƙwasa yatsu, motocin kabeji da karas da tumatir ke fara sauke kaya, dillalai da 'yan dako kuma su jere min wayoyinsu a kan tebur. Duk wanda kuɗin wayarsa ya yi ɓatan dabo, ba ofishin kamfani yake nufa ba, wurina yake dawowa tunda ni na loda masa. An sha kirana ɓarawo a kan kuɗin da ko ƙyallinsu ban gani ba.

Kwanan baya wani dattijo mai kawo dankalin Turawa daga Mangu ya sa katin naira 1,000 da safe. Kira uku ya yi. Kafin la'asar sai ga shi yana huci, ya dire wayar a gabana, ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah." Na ce, "Baba, zauna mu duba tare." Na danna *310#, saura naira 37. Muka buɗe akwatin saƙo muna bi ɗaya bayan ɗaya. Ashe jikansa ya ranci katin naira 500 a layin, aka ba shi 425, kati na shiga aka zare 500 cif. Ga wani tsarin hasashen ƙwallo da ke cin naira 50 kullum, mutumin da ko sunan ƙungiya ɗaya bai sani ba. Ga waƙar da mai kiransa ke ji, wadda shi bai taɓa jin ta ba tunda ba ya kiran kansa. Kowanne an turo masa saƙo a kai, wannan gaskiya ne. Da Turanci. Baba kuwa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin buhunansa da ajami ba gargada, amma harshen Ingila bai ratsa gidansu ba.

Ba zan ci haƙƙin hukumarka ba, an yi aiki. Tun 2016 akwai 2442 na toshe saƙonnin talla. A 2023 an haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya a kowane layi: *310# na duba kati, *323# na duba data, *312# na sayen data, *305# na soke tsare-tsaren da ke cin kuɗi, 300 na kiran kamfani, in kamfani bai share maka hawaye ba ka kira 622 kyauta ka kai ƙara hukuma. Wannan ya sauƙaƙa min aiki ƙwarai, don a da sai na haddace lambobin kamfani huɗu. Na rubuta su da maka a jikin kwali na rataye a ƙofar shago. Sai dai mafi yawan masu tsayawa su karanta kwalin nan, a ranar suka fara ganin su. In kuma suka danna, amsar da za ta fito Turanci ce, sai su sake miƙo min wayar.

A watan Janairun 2025 hukumarka ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, karo na farko tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kira da data suka bi sahu. Ban zo musun wannan ba. Nima janareta nake tayarwa, na san abin da mai ke yi wa aljihu. Daga watan Yunin shekarar kuma, naira 6.98 ɗin da ake caji in mutum ya yi hulɗar banki ta lambobin tauraro ya koma fita daga katin waya maimakon asusun banki. Dillalin da ke duba ko kuɗin tumatir ya shigo sau goma a wuni bai san katinsa ake gutsura ba.

To amma, Yallaɓai, a kasuwarmu in farashi ya hau, mai saye yana da haƙƙi ɗaya da ba a taɓa masa: yana ganin awo. Mai sayen tumatir zai sa a juye kwando ya ga ko an ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Mai sayen masara yana tsaye a kan mudu har a yi masa tozo. Gigabait kuwa wa ya taɓa ganin sa? Mai sayarwa ne ke riƙe da mudun, shi ke aunawa a bayan labule, shi ke sanar da kai ya ƙare. Ko da mai gaskiya ne, dole zargi ya shiga.

Kuma sau da yawa ba sata ba ce, wannan ma na gani da idona. Wayar ce da kanta ke lashe datar. WhatsApp na sauke duk bidiyon da aka jefa a zauren 'yan uwa ko ba ka buɗe ba. Facebook da TikTok na kunna bidiyo kafin ka taɓa. Manhajoji na sabunta kansu cikin dare. Layi mai ƙarfi na jawo hoto mai kauri, wanda ya fi cin data. Sai kuma yaran gida da suka san lambar sirrin hotspot. Nakan shiga saitin waya in nuna wa mutum manhajar da ta ci masa kaso mafi tsoka, in kashe saukewar kai tsaye, in sa masa iyakar da waya za ta gargaɗe shi. Wani ya yi godiya, wani ya tafi yana hararar ɗansa. Amma mai ƙaramar waya mai tocila, irin ta Baba, ba shi da wannan saitin. Abin da kamfani ya faɗa masa shi ke nan.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin hukumarka ba. Rasit nake so a ba mu. Duk sisin da aka cira daga layi, saƙo ya biyo baya a harshen da mai layin ya zaɓa, Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka: an cire kaza, saboda kaza, saura kaza. Kada a ce ba zai yiwu ba. In ka kira 300 ana tambayarka harshen da kake so. In za su tallata garaɓasa a rediyo, Hausarsu ta fi tawa daɗi, har da karin magana. Sai an zo cire kuɗi ne Hausar ke ƙare musu.

A ƙara mana lamba ɗaya cikin waɗancan, kyauta, wadda ko a waya mai tocila za ta jero wa mutum abubuwa goma na ƙarshe da suka ci masa kuɗi. Sannan wannan saƙon da ke faɗowa bisa fuskar waya, wanda danna madanni ɗaya ke jefa mutum cikin biyan kuɗi na kullum, a hana shi. Mutum na ƙoƙarin kawar da shi ne don ya amsa kira, ba saye yake yi ba. Wanda ya shiga irin tsarin da saninsa ma, a riƙa tuna masa duk mako nawa ya biya, da yadda zai fita.

Ita ma garaɓasa a duba ta. A ce an ninka maka kati, amma ba a faɗa da babbar murya cewa da wani farashin ake cin garaɓasar ba, ko kwana nawa za ta yi kafin ta mutu. Na san hukumarka ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa tsare-tsaren farashi a 2024. Muna so mu ga tasirinta a tebur irin nawa.

Shi Baba na soke masa hasashen ƙwallon da waƙar, ya nemi gafarata, har ya aiko min da ɗan dankali. Yanzu duk ranar da ya shigo gari sai ya tsaya na duba masa layi kafin ya wuce rumfa. Da na ce masa zan rubuto maka, ya ce in tambaye ka: naira hamsin-hamsin ɗin da aka yi watanni ana cira masa, wa zai mayar masa da su? Na ce zan isar.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Mai shagon caji da kati,
Farin Gada, Jos.